Rijiya a Ƙirji

Shekara ashirin Lazare Kerbrat yana cika wa 'yarsa Noémie baki cewa ko a cikin zane dubu aka ɓoye layi guda na hannun mahaifiyarta, zai tsamo shi ido rufe. Cika bakin bai taɓa jawo masa komai ba, tunda babu abin da za a gwada shi da shi. Solange ta rasu da tarin fuka a tsakiyar yaƙi, yarinyar tana da shekara huɗu. Zane-zanenta kuwa tun kafin nan suka salwanta. Sun gudu kudu lokacin da Jamusawa suka shigo Paris, da suka dawo suka tarar an kwashe ɗakin aikinsu tas, har ƙusoshin bango. Shi ya sake yin wasu. Ita ba ta ƙara riƙe fensir ba.

A shekarar 1963 kuwa duk unguwar Montparnasse babu wanda bai san Lazare ba, har masu sayar da kifi. Mai rijiya suke ce masa. Ko a zane ko a tagulla, abu ɗaya yake yi: mutum tsaye, mace ko namiji, ƙirjinsa a buɗe, cikinsa rijiya ce mai ginin dutse, igiya ta sauko daga maƙogwaro ta ɓace a cikin duhu. Ya yi ƙanana, ya yi manya, akwai guda mai tsayin mutum biyu a wani ɗan fili kusa da gidansa, tattabaru sun mai da kansa masauki. Duk ɗan jaridar da ya tambaye shi inda ya samo ta, amsa ɗaya yake bayarwa, ya lumshe ido tukuna: a mafarki ya gan ta, rijiyar kakarsa ce ta can Bretagne ta biyo shi har gado. Ya faɗa har 'yan jaridar sun haddace, wasu ba sa ma jiran ya ƙarasa.

Wata Talata da hantsi sai ga wata mata daga gidan ajiye zane-zane, Madam Aubertin, da ambulan a hammata. Ta ce suna shirya baje kolin ayyukan ƙungiyarsu ta da, waɗanda suke kiran kansu surealis, mutanen unguwa kuma suke ce musu 'yan mafarki. An sami wani akwati na mai gidan kofin da suke zama kafin yaƙi, a ciki akwai wannan takardar. Ta zaro ta, ta shimfiɗa a kan tebur da yatsu biyu kamar mai taɓa ƙwai.

Takardar wasan ninki ce. Wasan ba shi da wuya: mutum huɗu, takarda ɗaya. Na farko ya zana kai, ya ninke ta baya yadda ba za a gani ba, ya bar 'yan layuka su leƙo ƙasan ninkin. Na biyu ya kama daga nan ya yi ƙirji, ya ninke. Na uku ciki da ƙugu, na huɗu ƙafafu. Sai a warware a ga abin da aka haifa. Manyan mutane masu gemu, kullum da la'asar wannan ne aikinsu, kuma in ka yi dariya su ce ba ka waye ba, wai ta haka ake damƙe abin da hankali yake ɓoyewa. Doka ɗaya ce tak, amma sun riƙe ta kamar addini: kada wanda ya ga rabon wani.

A wannan takardar kan buta ce mai gashin baki. Ƙafafun, ɗaya ta kaza, ɗaya ta tebur da safa. Cikin wani abu ne mai duhu da layuka cunkushe. Ƙirjin kuwa rijiya ce, da ginin dutsenta da igiyarta. A baya mai gidan kofin ya rubuta watan Fabrairu na 1938, da sunaye huɗu a hargitse yadda suka zo masa: Bedrich, Lazare, Firmin, Solange.

“Rijiyar dai ba sai mun tambaya ba,” in ji Madam Aubertin tana murmushi. “Ina jin ita ce ta fari a duniya. Sauran ukun ne muke so ka gaya mana, mu rubuta a ƙarƙashi. Zan bar maka ita zuwa Litinin.”

Noémie ta biyo da yamma daga makarantar da take koyar da lissafi. Mace ce da ba ta da hayaniya, ba ta kuma son zagaye-zagaye, sai ka ce ba a gidan nan aka haife ta ba. Ta karanta sunayen, ta tsaya a na ƙarshe, ta daɗe. Sai ta juya takardar, muryarta ta yi ƙasa.

“Baba, wanne ne nata?”

Lazare ya sunkuya a kan takardar. Ya dubi butar. Solange tana da barkwanci, za ta iya. Ya dubi ƙafar kazar. Wannan ma za ta iya. Ya dubi cikin mai duhu, bai ma gane mene ne ba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, takardar dai tana nan yadda take.

“Hasken nan ba shi da kyau,” ya ce. “Kuma irin wannan ba a yi masa garaje.”

“Ka ce ido rufe.”

“To ai idona a buɗe yake, shi ya sa. Ki zo ran Lahadi.”

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki jakarta, ta sumbace shi a kumatu, ta ce Lahadi da tsakar rana za ta zo da burodi. Yana jin takunta a matakala kunya ta rufe shi, irin wadda rabonsa da ita tun yana yaro.

Kwana biyu ya yi a kan takardar. Ya kafa ta a bango ya ja da baya, ya kwantar da ita a ƙasa ya hau kujera, ya juya ta kai ƙasa. Da safe ya tashi da tabbacin butar ce, kafin kofinsa ya huce ya koma ƙafafu. Ya nemi hannun Solange a zuciyarsa, ya ga zoben, ya ga tabon tawada a gefen ƙaramin yatsa, amma abin da hannun yake zanawa ya ƙi fitowa. Tabon tawadar ne ma ya cece shi. A hannun hagu yake. Bahaguwa ce, kuma kowane mai zane ya san bahago in yana yin inuwa layukansa kan kwanta ne ta ɗaya gefen. Ya yi tsalle kamar ba mai ciwon gwiwa ba, ya matsa kusa da taga.

Butar ta mai dama ce. Ƙafafun ma haka. Cikin na bahago ne, babu shakka. Har ya ɗauko alƙalami zai rubuta, idonsa ya hau sama kaɗan, sai ya tsaya. Inuwar duwatsun rijiyar ma ta kwanta ta gefen hagu, layi bayan layi, babu ko ɗaya da ya saɓa.

Kansa ya ɗaure. Ya ce wa kansa ai a zamanin sukan yi zane da hagu da gangan, don hannun da bai iya ba ya fi faɗin gaskiya. Haka ne ma, ya tuna. Ko dai bai tuna ba? Ya ɗauki fensir da hagu ya gwada rijiya a bayan wata tsohuwar wasiƙa, abin da ya fito ya fi kama da tukunya da ta faɗo daga bene. Ya ce tsufa ne. Ya sake gwadawa har sau tara.

Firmin ya mutu a sansanin fursunoni tun 1944. Saura mutum ɗaya, shi kuma shekara goma sha shida ba sa ga-maciji. Bedrich Vasak ɗan Prague ne, ya zo Paris da akwati ɗaya da bakin da ba ya rufuwa. Bayan yaƙi yunwa ta sa ya zana wa wani mai takalma allon talla, ƙungiya ta zauna a gidan kofi ta yi masa shari'a, aka ce ya sayar da mafarki don sayar da takalmi, masu son a kore shi su ɗaga hannu. Lazare ya ɗaga. Bai ɗaga sosai ba, iyakar kunne, amma an ƙirga da shi.

Ran Juma'a ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa unguwar Belleville inda Bedrich yake, ya hau bene hawa shida yana tsayawa a kowane hawa yana zagin wanda ya gina gidan. Ƙamshin miyar kabeji ya tare shi tun a hawa na huɗu. Bedrich ya buɗe ƙofa da cokali a hannu, ya yi ƙiba, sanƙo ya cinye kansa. Ya ƙare wa baƙon kallo daga hula har takalmi.

“A'a. Yau kuma mai rijiya ne a ƙofarmu? Ruwa ya ƙafe ne?”

“Ban zo faɗa ba, Bedrich.”

“Da wane ƙarfin? Dubi yadda kake haki. Shigo ka zauna kafin ka mutu mini a bakin ƙofa a ce da ni ne. Ka iya ɗaga hannu har yanzu? To ɗaga ka ɗauko kwano a can sama.”

Lazare ya haɗiye wannan, ya ɗauko kwanon. Da suka zauna ya ture miyar gefe ya shimfiɗa takardar. Bedrich ya matso da kujerarsa. Ya goge hannu a wando kafin ya taɓa gefenta.

“Ƙafar kazar tawa ce. Dubi ƙumba, wa zai iya wannan in ba ni ba? Butar ta Firmin ce, kawunsa yake tsokana. Allah sarki Firmin.”

“Cikin na Solange ne ke nan. Na gane da kaina, ta layukan.”

“Sannu da aiki.”

“Abin da nake so ka tabbatar mini, ranar da hagu na yi nawa, ko? Don ka san a lokacin...”

Bedrich ya ajiye cokali. “Kai, tsaya. Da gaske kake, ko ka hawo bene shida ne don ka yi mini wasan kwaikwayo?”

“Wane wasa?”

“Buɗe tafinka na dama. Buɗe mana, tsohon banza. Wannan tabon na mene ne?”

“Narkakken kakin zuma ne ya zubo mini a gidan zubin tagulla. An daɗe.”

“Yaushe?”

Lazare ya dubi tabon, fari, mai sheƙi, daga gindin babban yatsa zuwa wuyan hannu. Kullum yana ganinsa, bai taɓa tambayarsa shekarunsa ba.

“Satin da aka yi takardar nan ne,” in ji Bedrich. “Ka zo da hannu a naɗe kamar ƙunshin nama, kana ta raki, kofi ma Solange ce take kai maka baki. Da takarda ta zo kanka sai ta ce miƙo nan, ta ɗora a cinya ƙarƙashin tebur ta yi maka. Ta gama ta zarce da nata. Ni ina kusa da ita, na ga komai, na yi shiru don kada waɗancan limaman su ce an karya doka.”

“Ƙarya kake. Haushin korarka ne.”

“In haushi ne ai da tuni na je gidan jarida. Shekara ashirin da biyar ina ganin rijiyoyinka a gari, na ɗauka ka sani. Na ce mutumin nan makokin matarsa yake yi da tagulla, a bar shi. Ashe kai...” Ya kama kai da hannu biyu. “To bi igiyar. Kada ka yarda da ni, bi igiyar da yatsanka.”

Ya jawo aljihun tebur ya ciro gilashin da yake duba ƙananan haruffa da shi. Lazare ya karɓa. Igiyar ta sauko daga maƙogwaro, ta ratsa rijiyar, ta kai ninki. A nan ya saba tsayawa, a nan duk igiyoyinsa suke ƙarewa. Amma wannan ba ta tsaya ba. Ta haye ninkin da murɗinta iri ɗaya, ta shiga cikin. Wanda bai ga sama ba, ba yadda za a yi ya san layukan nan biyu igiya ce. Can ƙasa, a tsakiyar duhun, akwai guga. A cikin gugan wani ɗan abu ya dunƙule, bai fi ƙwayar wake ba, da kai, da gwiwoyi a haɗe da haɓa, da ɗan hannu a baki.

“Wake ne?” ya ce, don bai san abin da zai ce ba.

“Wake! Ka ji mini jaki. Yaushe aka haifi 'yarka?”

Lazare ya ajiye gilashin, Bedrich ya zarce.

“Kowa a teburin nan ya gane, har mai kawo kofi. Firmin ne ya fara miƙa mata hannu yana taya ta murna. Kai kuwa da aka warware takarda, aka ga rijiya a rabonka, aka hau dukan bayanka ana Lazare ya yi abu, sai ka miƙe tsaye da naɗaɗɗen hannu ka yi mana wa'azi na rabin awa a kan rijiyar da ke cikin zuciyar ɗan Adam. Matarka tana gaya maka tana da ciki, kai kana wa'azi. Tana kallonka tana dariya har da hawaye. Sai bayan sati biyu ta gaya maka da baki, ta ce wannan mijin nawa sai da baki. Ci miyarka, ta huce.”

Bai san yadda ya sauko benen ba. A jirgi ya wuce tashar da zai sauka, ya dawo, ya tsinci kansa a kan benci a ɗan filin nan, ƙarƙashin babban mutum-mutumin. Ya yi ƙoƙarin kiran mafarkin. Yana nan sarai: ga sanyi, ga ƙarar igiya, ga kansa ya farka yana lalubar fensir. To da wane hannun ya lalubo? Ya koma gidan kakarsa a zuci, ya zagaya bayan ɗaki inda rijiyar take, sai ya tarar da famfo, koren famfo mai hannu, wanda yake lilo da shi har a dake shi. Rijiyar ta maƙwabta ce? Ko a wani littafi ya gan ta? Wa'azin dai ya tuna shi, har wasu kalmomin, kuma ya tuna yadda ya ji daɗin kansa ranar. Fuskar Solange ce bai tuna ba, don bai dube ta ba. Wannan ya fi komai yi masa ciwo. Ya zauna yana kallon ƙaton ƙirjin tagullar har mai gadin fili ya zo ya tambaye shi ko lafiya.

Ran Asabar ya yanke shawara sau huɗu. Zai nuna wa Noémie cikin kawai, ai gaskiya ce, nata ne, a rufe zance. Bedrich ba zai yi magana ba. Madam Aubertin ta riga ta rubuta rijiyar da sunansa a ranta. Kuma wa ya sani, ƙila shi ya ba Solange labarin mafarkin da safe ita kuma ta zana. Ƙila. Ya riƙe wannan ƙila ɗin har la'asar, yana juya shi, bai ji ya zauna ba. A takardar cike sunaye mai layi huɗu da Madam Aubertin ta bar masa ya rubuta Firmin a layin farko, Bedrich a na huɗu. Biyun tsakiya ya bar su fari.

Lahadi da tsakar rana Noémie ta shigo da dogon burodi da cuku a takarda. Ba ta cire kwat ba. Ta dubi teburin da ya ja zuwa bakin taga, da gilashin da ya aro wurin Bedrich a gefe, ta dube shi.

“Ka gane?”

“Ban gane ba,” ya ce. “Sai da aka nuna mini. Ƙarya nake yi miki duk shekarun nan, ban san ƙarya ba ce.”

Ya ɗora yatsa a kan cikin. Sai ya tura shi sama ya haye ninkin, ya tsaya a kan duwatsun.

“Nan da nan. Duka biyun.”

“Baba, wannan ai rijiyarka ce.”

“Ni ma haka na sani.”

Ta juya ta dubi ɗakin, rijiyoyi a bango, rijiyoyi a kan kanta, wata ta laka da rigar tsumma a kanta ba a gama ba. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya miƙa mata gilashin ya ce ta bi igiyar. Ta sunkuya. Ya ga bayanta ya tsaya cak lokacin da ta kai ƙasa. Ta juya takardar ta karanta watan, ta mayar, leɓunanta suna motsi, ita da take koyar da lissafi sai da ta ƙirga da yatsu. Ta jawo kujera da ƙafa ta zauna ba tare da ta ɗago ba.

Lazare ya ɗauki alƙalami ya cike layukan biyu da suna ɗaya. Ya tsaya a bayanta yana jiran ta zage shi, ko ta yi kuka, ko ta tambaye shi yadda aka yi. Ya tanadi bayani tun jiya, mai tsawo, da kaki da bandeji da dokar wasa.

“Ka ga har yatsu ta yi mini,” in ji Noémie a hankali. “Ɗaya, biyu, uku...”

“Noémie, ni babu nawa a takardar nan. Ko ɗigo. Ban ma san abin da ya rage nawa a ɗakin nan ba.”

Bai san ko ta ji ba. Ta ƙara matsar da gilashin, ta karkata kai, sai ta ɗaga hannu ɗaya ta baya ba ta waiwayo ba.

“Baba, ɗan matsa. Ka tare mini haske.”